Wuƙar Hannun Hagu

Mutanen gidanmu sun zalunce ni a kan hannuna, kuma har yau da furfura ta rufe mini kai ban ce na yafe duka ba. Tun ina ƙarama ake gaya mini hannuna ba na aiki ba ne. Babana ya faɗa, gwaggona ta faɗa, yayana ya mayar da shi abin tsokana. Kowa ya dubi hannun ya yanke hukunci. Ba wanda ya taɓa duban wuƙar.

Bahaguwa aka haife ni. A ƙauyenmu, can tsakanin Tambuwal da Kebbe, in yaro ya miƙa hagu, muciya ake nuna masa. Ni tawa ta fi haka, don Baba da kansa ya riƙa ɗaure mini hannun da tsumma a jikin ƙugu, sai da na koyi ci da karɓa da miƙa kaya da dama. Wannan ban ƙi ba, ladabi ne, addini ne, har gobe da dama nake cin tuwona. Amma ƙarfina da dabarata suna can cikin hannun da aka ɗaure, suna nan kamar ruwa a rijiyar da aka rufe wa baki.

Sana'ar gidanmu taba ce. Ba zan tsaya ina kare ta ba. Malaman unguwarmu ba su taɓa sonta ba, daga baya kuma na ga yadda take cinye ƙirjin mutum. Amma da ita aka ciyar da mu, da ita aka yi mini gado da kwanonin aure. Baba kan shuka ta a bayan gida idan damina ta yi nisa, a tsinke ganyen da kaka, a rataye shi a inuwar rumfa har ya juya ya yi ja. Sauran masu taba daka ta suke yi da kanwa ta zama gari. Shi Baba yanka yake yi, don tsofaffin da ke shan lofe. Har daga Fakku mutum kan tako da ƙafa ya ce yankan gidanmu yake so.

Wanda bai ga Baba yana yanka ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Da yamma zai shimfiɗa ganyen a kan zana ya kwana yana shan raɓa. Da asuba, bayan salla, ganyen ya yi laushi kamar fatar da aka jeme. Sai ya zare jijiyar tsakiya, ya jera ganye bisa ganye, ya naɗe tam kamar ana naɗe tabarma, ya ɗora a kan guntun icen ƙirya da ya gada wurin ubansa. Wuƙar baƙa ce, mai nauyi, ƙotarta ta sha hannu har tana ƙyalli. Ba ka ganin tana motsi sosai. Ji kawai kake yi, sif, sif, sif, taba na zubowa gefe siriri kamar gashin jariri. Ina tsugune ina kallo, bakina a buɗe, har ƙuda ya kusa shiga.

Na roƙa, an ba ni wuƙar na gwada. Da dama na riƙe, kamar yadda aka hore ni, sai yankan ya fito gaɓa-gaɓa kamar an yi wa akuya dusa. Rannan da ba kowa a tsakar gida na saci jiki na ɗauka da hagu. Na ji hannuna ya zauna daram, zuciyata ta ce yau za a gani. Amma wuƙar ta ƙi shiga ganyen, sai zamewa take yi waje. Na danne da ƙarfi, ta karkace ta faɗa mini a yatsan dama da ke riƙe da naɗin. Jini ya ɓata ganye. Baba ya zo ya duba, ya ce, "Ke da dama ba ki iya ba, da hagu ba ki iya ba. Tashi ki koma ga zare jijiya." A kan zare jijiya na girma, a kansa aka yi mini aure.

Shekarun da aka yi sabuwar Jihar Sakkwato, kuɗin mai suka cika gari, na dawo gida bayan mijina ya rasu. Na tarar duniya ta canza. Motoci na ta kai da komo a hanyar Sakkwato, samari sun bar gona sun bi aikin gini, yayana ya zama direban babbar mota mai ɗaukar siminti. Na kuma tarar hannun Baba ya fara rawa. In ya ɗauki kofin fura, rabi a riga yake ƙarewa. Idonsa ma ya yi hazo. Amma a wannan shekarar taba ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, ganye faffaɗa, rumfa cike, ƙamshi har zaure.

Yaya ya zo ya tsaya a bakin rumfa, makullin mota na kaɗawa a yatsansa.

"Na yi magana da wani dillali a Dogon Daji," in ji shi. "Wanshekaren kasuwar Tambuwal shina zuwa da mota shi kwashe ganyen ɗungurungum. Raɓa ta kusa ɗaukewa, in anka bari ya bushe, marmashewa za shi yi."

"Yaya, ai ba a taɓa fidda ganye daga gidan ga ba sai an yanka shi," na ce.

"To wa za shi yanka? Ke?" Ya yi dariya. "Mai hannun aro?"

Gaskiya ya faɗa a kan raɓa, kuma ba mugunta ta sa shi ba. Na juya na dubi Baba. Yana zaune a kan buzu, hannuwansa biyu a cusa tsakanin gwiwoyi don kada mu ga rawar. Na san in ganyen nan ya fita gida ba a yanka ba, tsofaffin nan ba za su sake tako ƙofarmu ba, kuma yankan gidanmu ya mutu ke nan alhali mai shi yana da rai yana ji.

Ranar kasuwar Tambuwal na naɗe wuƙar Baba a tsumma, na ɗauki ganye ɗan kaɗan na yayyafa masa ruwa na ƙunshe a ganyen ayaba, na bi matan ƙauyenmu muka hau a-kori-kura. Tunanina ɗaya ne: wuƙar Baba ta fi ƙarfina, bari in nemo marar nauyi.

Kasuwa a lokacin sai wanda ya gani. Kayan kanti sun yi tsibi, rediyo na kuka ta ko'ina, kwanonin sha masu fure-fure har sama. Na tsaya wurin wani mai tebur da ya jera wuƙaƙe farare, kana ganin fuskarka a jiki. Ya ce daga ƙasar waje suke, ba sa tsatsa, ba sa dakushewa. Na ce sai na gwada. Na kwance ganyena na naɗe, na ɗora a gefen teburinsa. Wuƙar ta lanƙwashe kamar kara, ta murje ganyen har ya fitar da ruwa baƙi. Ya miƙo mini almakashi. Shi kuma taunar ganyen ya riƙa yi, ga shi ya cije mini babban yatsa. Na leƙa wurin masu aska, na ɗauki aska ɗaya na ji ba ta fi gashin kaza nauyi ba, irin wadda za ta yi wasa a saman naɗi ba ta kai ƙasa ba. Lauje kuwa bakinsa a lanƙwashe yake, ba ya kwanciya a kan itace. Wani mai adda ya ce in saya tasa, na ce masa taba zan yanka, ba kan sa ba.

Rana ta take, ganyena ya kusa ƙarewa, sai na ji ƙarar guduma daga bayan kasuwa, wajen da ake ɗaure jakuna. Na bi ƙarar.

Maƙerar rumfa ce ta kara, baƙa ƙirin da hayaƙi. Tsofaffi biyu ne a ciki, kamarsu ɗaya, da gani wa da ƙane. Babban yana zaune gaban uwar maƙera, ƙaramin yana kan zuga-zugi da lofe a bakinsa, ba wuta a ciki. Na yi sallama na durƙusa na gaishe su.

"Ɗiyata, mi kika biɗa?" in ji babban.

"Baba, wuƙar yankan taba nika so. Irin wagga, amma marar nauyi. Hannuna ba shi da kirki."

Na miƙa masa da dama. Ya kwance tsumman, ya juya wuƙar, ya shafa gindinta da babban yatsa.

"Wagga aikin gidanmu ta," ya ce wa ƙanensa. "Dubi wuyanta. Hannun tsohonmu na."

"Lokacin da aka ƙira ke nan," in ji mai zuga. "Ba yanzu da wasu ka bugun ƙarfe kamar suna kashe kunama ba."

"Kai dai zuga iskarka. Tun muna yara iska kaɗai ka iya."

Dariya ta kusa kuɓuce mini duk da abin da ke raina. Babban ya ce in buɗe hannuwana ya gani, don ya san girman ƙotar da zai sa. Na buɗe. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya nuna tabon da ke yatsana na dama da bakin awartaki.

"Wanga fa?"

"Ita ta yanke ni, ina yarinya."

"Mai yanka da dama, yatsun hagu shika sara, don su ka riƙon ganye. Ke naki tabon ga dama shike." Ya ɗago ido. "Da wane hannu kinka riƙe ta?"

Na ji kunya ta rufe ni, kamar an kama ni da satar nama a tukunya, ni da na yi aure har na fita takaba. Na janye hannuwana.

"Bahaguwa ta!" in ji mai zuga, ya cire lofe daga baki. "Wallahi bahaguwa ta, tana ɓoyo!"

"To sai mi?" na ce, murya ta ɗaga. "Ni na halicci kaina?"

"A'a, kwantar da rai," in ji babban. "Matso ki gani."

Ya ɗaga wuƙar Baba saitin hasken ƙofa, ya juya mini bakinta. Wuƙar nan a gabanta na girma, na wanke ta, na shafa mata mai, na sha yankanta, amma ban taɓa ganin abin da ya nuna mini ba. Gefe ɗaya a miƙe yake sumul kamar bango. Ɗaya gefen kaɗai aka zaftare aka fitar da kaifi. Ya ce gefen da ke miƙe shi ke bin jikin naɗin ganye, zaftararren kuma shi ke ture abin da aka yanka waje. An yi ta ne don mai dama. In ta koma hagu, sai zaftararren ya fuskanci ganyen, ya riƙa ture wuƙar kanta.

"Ko ni na riƙe ta da hagu, zamewa za ta yi," in ji shi. "Ba ta san ki ba, ɗiyata. Ba don ke anka yi ta ba."

Na zauna a ƙasa daɓas. Ban san na zauna ba sai da na ji ɗumin toka a jikin zanena. Duk shekarun nan, duk zagin nan, ashe ɗan zaftaren da bai kai faɗin farce ba ne.

"Ana yin ta hagu?" na tambaya.

"Ban taɓa yi ba. Ba wanda ya taɓa tambaya." Ya juya wurin ƙanensa. "Kai, mai iska, tashi wutar."

Ya jawo wani dogon ƙarfe mai tsatsa daga bayansa. Ya ce sifirin ne na wata babbar mota da ta mutu a hanyar Sakkwato, kuma tun da yake ƙira bai taɓa samun ƙarfe mai zuciya irin na motocin nan ba. Ya datse guntu ya cusa cikin gawayin ƙirya. Zuga-zugi ya fara numfashi, fuu, faa, fuu, faa, kamar wata dabba ce kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ina kallo tsatsa ta ɓace, ƙarfe ya yi ja kamar gauta, ya wuce ja ya koma ruwan ƙwai, har ya zama ba na iya dubansa sai na kanne ido. Abin da ya ɗauki siminti ya hau tudu da shi, ga shi ya fito a bakin awartaki yana lanƙwasa kamar tuwon da bai huce ba. Na ce a raina, tsarki ya tabbata ga wanda ya sa wa ƙarfe taushi.

Guduma ta sauka. Tartsatsi ya tashi har rufin kara, ba wanda ya ko ɗaga kai. Tsohon nan da na ga kamar iska za ta ɗauke shi, da ya kama guduma sai ya zama wani mutum. Yana bugu yana juyawa, yana mayarwa wuta, yana fitarwa. Sau da yawa hannunsa kan tafi gefen da ya saba, sai ya tsaya cak, ya yi tsaki, ya juya ƙarfen.

"Ga shi nan za shi yi miki ta dama," in ji ƙanen. "Tsoho ba shi koyon sabon hannu."

"In ka ƙara magana, kai nika sawa cikin wutar."

Da siffa ta fito, ya tsoma ta a ruwa, ta yi ƙara, tururi ya turnuƙe rumfar. Na ɗauka an gama. Sai ya goge jikinta da dutse har ta yi fari, ya ɗora bayanta a kan garwashi, ya ce in zuba ido kada in ƙifta. Wallahi launi na gani yana tafiya a jikin ƙarfe, yana gangarowa daga baya zuwa baki, kamar inuwar girgije a kan gona. Ya fara da ruwan karan dawa, ya yi duhu kamar zuma, can baya kuma shuɗi-shuɗi irin na wuyan tantabara. Kafin shuɗin ya iso kaifi ya fizge ta ya sake jefawa a ruwa. Ya ce in ya makara ta yi laushi, in ya yi gaggawa ta riƙa ɓarewa.

Ya sa mata ƙota, ya auna da tafin hannuna na hagu, ya rage, ya sake aunawa. Ya wasa gefe ɗaya a dutse, gefen da ba a taɓa wasawa ba a maƙerar nan. Sannan ya miƙo mini. Na kai dama, yadda aka hore ni. Ya janye.

"Ba wannan ba. Mai ita za ta karɓa."

Tun da aka kwance mini tsumma ban taɓa miƙa wa babba hagu ba. Na miƙa.

Sauran ganyena bai fi cikin tafin hannu ba. Na naɗe, na ɗora a kan kututturen da suke zama, na yi bisimilla. Wuƙar ta sauka da nauyinta, ban danna ba. Sif. Na sake. Sif, sif. Ƙarar nan da na sani tun ina tsugune a gaban Baba, yau daga hannuna take fita. Yankan bai kai nasa sirantaka ba, ba zan yi ƙarya ba, amma zare ne, ba dusa ba. Mai zuga ya tsinci kaɗan ya cusa a lofensa, ya ɗora garwashi, ya ja, ya lumshe ido.

"Wanga shina cin wuta daidai," ya ce. "Ɗiyata, in kin rasa miji, ga ni."

"Baba, ka fara neman haƙora tukuna," na ce.

Babban ya yi dariya har da tari. Na biya abin da ya faɗa ban taya ba, ni da ko allura ba na saye sai na yi ciniki.

Na iso gida rana na shirin faɗuwa. Baba na nan a kan buzunsa. Na durƙusa, na kama tafin hannunsa na zuba masa abin da ya rage na yankan. Ya murza da yatsu, ya kai hanci, ya sake murzawa.

"Wa ya yanka?"

"Ni."

"Da wane hannu?"

"Da wanda ka ɗaure, Baba."

Gwaggo da ke tankaɗe a gefe ta ce, "Ke! Da ubanki kika magana haka?" Ban ko dube ta ba. Na ɗora masa sabuwar wuƙar a cinya. Ya lalubo ta, ya bi bakinta da babban yatsa a hankali, ya juya, ya sake bi. Na ga inda yatsan ya tsaya. Ya daɗe a haka, leɓensa na motsi.

"Ashe ana yi," ya ce.

Iyakar abin da na samu ke nan. Bai ce ya yi kuskure ba, har ya koma ga Allah bai faɗa ba, shi ya sa na ce ban yafe duka ba. Shekaru bayan haka, da na shiga ajin yaƙi da jahilci, malamar ta cusa mini fensir a dama, na mayar hagu na dube ta ido cikin ido, ba ta sake ba. Amma a yammacin nan, da na tashi zan shiga ɗaki, sai na ji muryarsa a bayana.

"Ki fidda ganyen shi sha raɓa. Kada ki tara shi wuri guda."

Na shimfiɗa zana, na jera ganye har tsakar gida ta rufe.

Da asuba na yi salla, na taɓa ganyen na ji ya yi laushi. Na shiga rumfa na mirgino guntun ƙiryar nan na kakana, ban ajiye shi a lungun da Baba ke zama ba. Na kai shi bakin zaure, inda duk mai shigowa gidan sai ya yi karo da ni, ko Yaya ne ko dillalinsa. Na juya shi, gefen da bai taɓa shan wuƙa ba ya koma sama. Na jawo wa Baba buzunsa kusa, inda kunnensa zai ji. Can nesa, wajen hanyar Dogon Daji, na jiyo kukan mota. Na naɗe ganyen farko, na danne da dama, na ɗauki wuƙata da hagu.